Ku Gama Dariyar, Sannan Mu Ƙirga Haruffa

Akwai mutane a duniyar nan, manya masu furfura da digiri, waɗanda za su iya ƙaurace wa mutum saboda layin rubutunsa a imel ya wuce haruffa 72. Bai zagi uban kowa ba, bai ci bashin kowa ba. Layi ne kawai ya yi tsawo. Sun haura shekara talatin suna wannan faɗa, kuma har yau ba a sami mai raba su ba.

Na ji ku tun kafin ku buɗe baki. "Haba Malam! Mu da ke fama da tsadar shinkafa da wutar da ba ta zuwa, shi ne za ka kawo mana rigimar ƙoshi?" Rigimar ƙoshi ce, ban musa ba. Amma wanda ya share shekara goma a majalisa yana jijiyar wuya a kan Messi da Ronaldo, alhali cikinsu babu wanda ya san da zamansa, ba shi da bakin raina faɗan wani. Ku gyara zama.

Ga yadda abin yake. Idan kana rubuta imel ka iso gefen allo, ɗayan biyu ne. Ko ka yanke layin da kanka ka sauko ƙasa, al'adar da aka gada daga zamanin tafireta, lokacin da ƙararrawa ke gargaɗin akawu cewa takarda ta kusa ƙarewa. Ko kuma ka yi ta zuba rubutu ba tsayawa, ka bar wa na'urar mai karatu ta naɗe shi daidai faɗin allonta. Masu yankewa suna ganin masu zubawa malalata ne marasa tarbiyya. Masu zubawa suna ganin masu yankewa tsofaffi ne da mota ta tashi ta bari a tasha.

Ga wani can baya yana murmushin mugunta. "To Malam, me ya sa 72? Wa ya hana 70, ko 100 cif?" Allah ya yi maka albarka, amsar tana jikin kwali.

A ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890, wani injiniya mai suna Herman Hollerith ya kawo dabarar huda katin kwali. Kowane rami bayani ne, inji kuma yana ƙirgawa. Kamfaninsa ya haɗe da wasu a 1911, a 1924 aka raɗa wa haɗakar suna IBM. A 1928 IBM ta fito da kati mai gurabe 80, kowane gurbi harafi ɗaya. Girman katin kusan na takardar dalar wancan zamani ne. A 1929 Amurka ta rage girman kuɗinta, kati ya ce shi yana nan daram. Da aka zo ƙera allon kwamfuta a shekarun 1970, da shi aka yi awo: IBM 3270 na 1971 da VT100 na kamfanin DEC na 1978 duk sun shahara da layi 24, kowane layi haruffa 80. Kati ya mutu an binne, awonsa ya ƙi bin sa kabari. Har gobe, a kwamfutoci da dama, baƙin allon nan da masu rubuta manhaja ke aiki a kai da faɗin 80 yake buɗewa.

To ina takwas suka tafi har aka koma 72? A nan ma kwali ne. Na'urar karanta kati ta kwamfutar IBM 704 gurabe 72 kaɗai take iya ɗauka cikin 80. Don haka harshen rubuta manhaja na FORTRAN, wanda ya fito a 1957, ya tsaya a gurbi na 72, ragowar takwas aka mai da su wurin lambar jeri. Kada ku raina lambar nan. Manhaja a lokacin tarin katuna ce, ɗaruruwa ko dubbai, jere a akwati. Ranar da tsautsayi ya sa mutum ya yi tuntuɓe a bakin ƙofa suka watse, wannan lamba ce ke tsakaninsa da kuka, don da ita inji zai sake jera masa su.

"Wato dai," in ji Hajiya daga gefe, "saboda wani ya yi tuntuɓe a Amurka tun kakata tana budurwa, shi ne ni za a hana ni rubuta saƙona yadda na ga dama?" Hajiya, kin kusa gaskiya, saura ƙiris. Masu imel sun zo sun sami nasu dalilin, kuma dalili ne mai kan gado.

Imel tsakanin kwamfuta da kwamfuta ya fara a 1971, lokacin da Ray Tomlinson ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan na'urarsa. Mutanen farko suka saba da wata al'ada: in za ka amsa wa mutum, sai ka kawo maganarsa, ka sa alamar > da ɗan fili a farkon kowane layi, sannan ka rubuta amsarka a ƙasa. Wato kowace amsa tana ƙara wa layi haruffa biyu. Yanzu ku yi lissafi, na san ba ku son sa amma ku daure. Layi mai 72, an amsa sau ɗaya ya zama 74, sau biyu 76, sau uku 78, sau huɗu 80. Magana ta je ta dawo har sau huɗu ba ta fashe ba. Wanda kuwa ya fara da 80 cif, amsar farko ma ta tunkuɗe kalmarsa ta ƙarshe ƙasa. Sai ka ga dogon layi, guntun layi, dogon layi, guntun layi, kalma ɗaya tilo zaune a layinta babu alamar mai ita. Bayan amsa uku ba ka sanin wa ya ce me. Mutum ya tashi yana ƙaryata maganar da shi ya faɗa.

Kada kuma ku ɗauka malaman abin sun haɗu a kan magana ɗaya. Ina! Intanet tana da takardun ƙa'ida da ake kira RFC, kowace da lambarta. Mai lamba 1855, wadda Sally Hambridge ta kamfanin Intel ta rubuta a 1995 kan ladubban mu'amala, ta ce layi ya gaza haruffa 65. Mai lamba 5322 ta 2008, wadda ke tsara siffar imel kanta, ta kawo hukunci biyu: kada layi ya wuce 998, wannan farilla ne, an so kada ya wuce 78, wannan mustahabbi. Me ya sa 998? Saboda tun 1982 ƙa'idar jigilar imel ta Jon Postel ta yanke iyaka a 1000, kuma biyu daga ciki na alamomin ƙarshen layi ne da ido ba ya gani. Masu harshen manhaja na Python sun ce 79 a nasu rubutun. Masu aikin ɗab'i sun shigo da nasu: Robert Bringhurst, a littafinsa na 1992 kan tsara rubutu, ya ce tsakanin 45 da 75 ne ido ke jin daɗi, 66 kuma shi ne daidai wa daida. Hujjarsa ku ma kun san ta ko ba ku taɓa jin sunansa ba. In layi ya cika tsawo, ido kan ɓata hanya wajen dawowa, ka karanta layi ɗaya sau biyu ko ka tsallake na gaba. Abin da ya sa jarida ke tsaga shafinta gida-gida ke nan.

Takardar nan ta 1995 ta faɗi wasu abubuwa biyu da nake so in karanto muku a hankali, ina kallon idonku. Na ɗaya, rubutu da manyan haruffa zalla ihu ne. Na biyu, sa hannun ƙarshen saƙo kada ya wuce layi huɗu. Layi huɗu, ranka ya daɗe. Kai da ke da Alhaji, Dokta, Injiniya, sarautar gargajiya biyu, lambar waya uku, da karin maganar da ka ɗauko a bayan tirela. Saƙon kansa kuma kalma biyu: "Na gani."

Yanzu bari in ba ku naku, kada a ce na yi son kai. Saurayin nan da ke daddanna waya tun da na fara magana ya ɗago kai ya ce, "Baba, duk wannan labarin allon da ne. Ni a waya nake karanta imel." Yaro, ka harbi tsuntsu a ido. A ce wayarka haruffa 50 take ɗauka a layi. Dattijo ya yanke layinsa a 72 cikin ladabi da natsuwa. Wayarka ta ɗauki 50, ta jefo 22 ƙasa, ta ci karo da yankan dattijo, ta sake sabon layi. Dogo, gajere, dogo, gajere, tun daga sallama har sa hannu. Ɓarnar da ya yi shekaru yana zargin wasu da ita, ga shi shi ya aikata ta a tafin hannunka. Awon da aka yi don sauƙaƙa wa mai karatu ya koma wahalar da mai karatu, saboda mai karatun ya canza allo bai yi sallama ba.

An yi ƙoƙarin sulhu, kada ku ce ba a yi ba. A 1999 Randall Gellens na kamfanin Qualcomm ya fito da wata dabara mai suna format=flowed, aka sabunta ta a 2004. Hikimar ƙarama ce ƙwarai. A yanke layi yadda dattawa ke so, amma a bar fili guda, wanda ido ba ya gani, a ƙarshen duk layin da maganarsa ba ta ƙare ba. Tsohuwar na'ura ta ga gajerun layuka ta ji daɗi. Sabuwa ta ga filin nan ta gane cewa an ba ta izinin haɗe layukan ta sake naɗe su daidai allonta. Kowa ya samu. Manhajoji irin su Thunderbird sun karɓa. Amma manyan da yawancin jama'a ke amfani da su ba su rungume ta ba, wasu na'urorin kuma a hanya suke share filin, suna ganin datti ne. Zaman lafiyar duniya guda aka rataya a kan abin da ba a gani, mai shara ya zo ya share.

Tun kafin ma a yi wannan ƙoƙarin sulhu, wata sabuwar rigima ta kunno kai. A 1992 Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fito da tsarin MIME, wanda ya ba imel damar ɗaukar hoto da takardu da haruffan wasu harsuna. Ba a jima ba aka fara rubuta imel da HTML, harshen shafukan intanet: ja, kore, manyan haruffa, furanni a gefe. Dattawa suka ce a'uzubillahi. A ƙarshen shekarun 1990 har gangami suka yi, suna zana ɗan kirtani da haruffa a ƙasan saƙonsu, alamar su ba sa karɓar imel mai kwalliya.

"Hassada ce kawai," in ji ku. "Sun tsufa ba su iya ado ba." To ku saurara. A cikin imel mai kwalliya ana iya ɓoye hoto ɗan mitsitsi, ƙwayar ɗigo guda, wanda da zarar ka buɗe saƙon zai sanar da mai aikowa cewa ka buɗe, da lokacin da ka buɗe. A cikinsa ne kuma ake rubuta sunan bankinka a fili, a ɓoye adireshin ɓarawo a ƙarƙashi, ka danna da bismillah ka tashi babu ko sisi. Rubutu tsura ba shi da aljihun ɓoye irin wannan. Abin da ka gani shi ke nan. Na ga dariyar ta ɗan ragu a wancan ɓangaren. Wa aka taɓa yi wa?

Akwai ma inda maganar ta wuce ladabi ta zama aiki. Manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, har yau yawancin gyare-gyarenta ta imel ake aika su. Mutum ya rubuta faci, ya sa a cikin saƙo, wani ya duba layi bayan layi, sannan na'ura ta ɗauki saƙon ta liƙa shi a jikin manhajar. Na'ura ba ta san uzuri ba. In manhajar imel ɗinka ta karya layi ɗaya don taimako, ko ta musanya wani fili da wani, facin ya ƙi kamawa. Shi ya sa takardun masu Linux suka hana format=flowed ɗin da na gama yabo, suka gargaɗi mutane cewa shafin Gmail yana lalata faci, na'urorinsu kuma suke mayar da saƙon HTML inda ya fito. In kuma kuna cewa ina ruwanku, ku juya wayar hannunku. In Android ce, zuciyarta Linux ce. Masu ƙirga haruffan nan da kuke wa dariya, da aikinsu kuke kallon bidiyon barkwanci har asuba.

Sai dai su ma ba duwatsu ba ne. A 2020 Torvalds da kansa ya fito ya ce manne wa 80 a rubutun manhaja ya zama takura, tunda allon mutane ya faɗaɗa. Aka ɗaga iyakar da na'urar bincikensu ke yin ƙorafi a kai zuwa 100. Limamin ya sassauta, wasu mamu har yau ba su huce ba.

Saura babbar rigima, wadda ta fi raba zumunci: a ina za ka sa amsarka, sama ko ƙasa? Tsohuwar al'ada ta ce ka yanko daidai maganar da kake amsawa, ka sa amsarka a ƙarƙashinta, ka zubar da saura. Manhajojin ofis irin su Outlook suka zo suna ajiye mutum a can sama, tsohon saƙo gaba ɗaya yana reto a ƙasa. Dattawa suka ce wannan daidai yake da ka tari mutum da "Lafiya lau" kafin ya ce maka "Ina kwana". Amsa a gaba, tambaya a baya, mai karatu ya fara daga gindi yana hawa.

Ma'aikatan ofis a cikinku za su ce, "Malam, oga ba shi da lokaci. Layin farko yake karantawa. Kuma in an sako sabon mutum cikin magana, ga tarihin duka a ƙasa." Wannan hujja ce, na karɓa. Amma tarihin nan da kuke ja a baya ba ku dubawa, ku riƙa tunawa yana da baki. Saƙo ya yi yawo hannu goma, a tura wa baƙo, baƙo ya gangara ƙasa ya iske inda aka ce kada a gaya masa farashin gaskiya. Wanda ya saba yanke abin da ba a buƙata bai san wannan kunya ba.

Har yanzu akwai mai cewa faɗan Turawa ne, babu Bahaushe a ciki. Kai ne ma a tsakiya, ɗan'uwa. Tsarin ASCII na 1963, wanda aka gina imel a kansa, gurabe 128 gare shi, kuma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Sai da Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8 a 1992 aka sami hanyar da ta game duniya, inda kowane ɗayan haruffan nan namu ke cin ma'auni biyu maimakon ɗaya. Don su bi ta tsohuwar hanyar imel lafiya, sau da yawa akan sake musu kama: ƙ ta zama =C6=99, a yanke layuka a 76, a sa alamar = a ƙarshe. In na'urar da ta karɓa ta san aikinta, ba za ka ga komai ba. In ta yi kuskuren fassara, sai "ƙasa" ta iso a "Æ™asa", "ɗan" ya iso a "É—an". Kun sha gani, kuka ce wayar ce ta kamu da aljanu. Ko a gajeren saƙon waya haka ne: haruffa 160 ake ba ka, iyakar da Bajamushe Friedhelm Hillebrand ya taimaka aka tsayar a tsakiyar shekarun 1980, amma ƙ guda ɗaya ta shiga, iyakar ta faɗo 70, a caje ka kuɗin saƙo biyu ko uku. Rigimar yadda rubutu zai isa hannun mai karatu ba tare da ya lalace ba, mu ta fi shafa, mu ne kuma muka fi yi mata dariya.

Da an tambaye ni hukunci, ga shi a taƙaice. Duk lambobin nan, 65 da 72 da 78, amsa ce ga tambaya guda: wa zai ɗauki wahala, mai rubutu ko mai karatu? Kai kaɗai ka rubuta, amma mutum ɗari na iya karantawa. Minti ɗaya da ka ƙi ɓatawa wajen gyara, ka ɗora wa kowannensu. Don haka ka duba gidan da ka shiga. In mutanen da na'ura ke karanta saƙonsu ne, yanke layinka, ajiye kwalliyarka a waje. In ƙanwarka ce mai waya, sake shi ya naɗe kansa, amma ka raba sakin layi don Allah. Ko'ina ne kuma, yanke tsohuwar maganar da ba ka buƙata.

Jon Postel ɗin nan ya bar wata ƙa'ida tun 1980, don na'urori ya yi ta amma ta fi dacewa da mutane: ka tsananta wa kanka a abin da kake aikawa, ka yi sassauci a abin da aka aiko maka. Dattawan imel sun haddace tsanantawar, sai dai a kan wasu suke sauke ta. Ku kuma kun haddace sassaucin, kuna jiran a yi muku.

Eh, ku nake nufi. Ku da ke turo rubutu a WhatsApp dunƙule guda, babu aya babu waƙafi, tsawonsa sai an danna "ci gaba" sau uku, a ƙarshe a ce wanda bai tura wa mutum goma ba kada ya kuka da kowa. Da ku masu saƙon murya na minti tara, minti huɗu gaisuwa, minti biyu ana yi wa yaro tsawa ya rufe ƙofa, minti ɗaya babur na wucewa, sannan a ce, "Dama cewa na yi in tambaya ko kana gida." Mutumin da ke auna layinsa da harafi don kada idon wani ya wahala, ko ya wuce gona da iri, aƙalla ya tuna akwai wani a ɗaya gefen. Mai ƙorafi a kan wannan magana ya rubuto, ina maraba. Wanda ya turo murya kuwa, zan saurara bayan sallar Idi, ban dai ce wacce ba.